Kwana Biyar A Mahdiyya

Mu mutanen tudu ne, 'yan'uwa marubuta, wannan ba abin musu ba ne. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da kududdufi da gulbi, sai kuwa madatsar Tiga ko ta Bakolori ga wanda ya taɓa zuwa. Shi ya sa idan teku ya shigo cikin rubutunmu yakan shigo ne da rakiyar aljanu da 'yan ruwa, ko kuma ya zama wani shuɗin abu da tauraron labari ke hangowa ta tagar jirgin sama a kan hanyarsa ta zuwa Landan karatu. Alhali kuwa kakanninmu sun taka bakin Bahar Rum da ƙafafunsu. A Tarabulus ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya iske mahaifiyarsa cikin bauta, kuma daga wannan gari ne Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram, ya shiga jirgin ruwa tare da Baturen nan Barth a 1855, ya je ya ga Ingila. Rinin Kano ya je can a kan raƙuma, jar dara da alharini kuma suka zo mana daga can.

To, da Allah Ya nufe mu da zuwa Tunisiya a watan Mayu na 2024, mu uku, muka gama abin da ya kai mu babban birnin ƙasar, sai muka yi shawara ba za mu koma gida da labarin otal da filin jirgi kaɗai ba. Muka zaɓi Mahdiyya, wani ƙaramin gari na masunta da masaƙa a gaɓar gabas, wajen kilomita 200 kudu da Tunis, domin mun sha cin karo da sunansa a littattafan tarihi, kuma an ce mana a nan mutum zai ga teku da tsohon gini ba tare da cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya hana shi sakat ba.

Jirgin ƙasa ya kai mu Susa, daga nan muka shiga wani ƙarami mai aiki da lantarki wanda ke bin gaɓa ta Munastir. Duk inda ka duba zaitun ne, an shuka shi sahu-sahu kamar masallata. A wasu fadamun gishiri kusa da Munastir muka ga tsuntsaye masu dogayen ƙafafu kamar zalɓe, sai dai launinsu ja-ja ne, sun duƙar da kai cikin ruwa ba su ko kula da ƙarar jirgi ba.

Tsohon garin yana kan wani harshen dutse ne da ya kutsa cikin teku, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, ruwa ta dama, ruwa ta hagu, ruwa ta gaba. Malaman tarihi na Larabawa sun kamanta shi da tafin hannu maƙale da tsintsiyar hannu, kuma duk wanda ya hau sama ya duba zai ce sun iya kwatance. A daidai tsintsiyar hannun nan, inda ƙasar ta tsuke, aka yi ƙofa ɗaya tak ta tudu. Sunanta Saƙifa Kahla. Muna jin sunan muka dubi juna, domin kuwa wannan kalma ita ce ta ƙetaro Sahara ta zama shigifa a bakinmu. Baƙar shigifa ke nan, kuma ta ci sunanta: wani dogon soro ne mai duhu da sanyi, sai ka yi tafiyar kusan mita 40 a cikinsa kafin ka ɓulla cikin hasken gari. Ranar Juma'a mata kan baje kolin kayan amare a ciki da bakinta, riguna masu aikin zaren zinariya da mayafan alharini, ana ciniki ana tsegumi kamar dai a kasuwar kowane gari.

Wanda ya kafa garin shi ne Abdullahi Almahadi, halifan farko na daular Faɗimiyyawa, ya sa masa sunansa. An fara ginin a 916, ya tare a 921. Mutum ba ya gina gidansa a kan dutse cikin ruwa, da ƙofa ɗaya, sai in yana jin tsoron wani abu. Shi ɗan Shi'a ne Ba'isma'ile, talakawansa kuwa, musamman malaman Ƙairawan, Malikawa ne, kuma ba su ɓoye masa ƙiyayyarsu ba. An ce har 'yan kasuwa bai yarda su kwana a ciki ba: shagunansu na cikin ganuwa, iyalansu na wata unguwa a waje mai suna Zawila, watau da rana ya raba su da iyali, da dare ya raba su da dukiya, ta yadda ko yaushe yana riƙe da wani abu nasu. Mai karatu ya lura da sunan unguwar, domin ɗaya ne da na Zawila ta Fezzan, zangon nan na hanyar Barno inda aka daɗe ana cinikin bayi.

Tsoron nasa kuwa bai tashi a banza ba. A zamanin ɗansa wani malami Ba'ibade mai suna Abu Yazid, wanda aka fi sani da Mai Jaki saboda a kan jaki yake jagorantar rundunarsa, ya tayar da ƙasar baki ɗaya, ya ci Ƙairawan, ya zo ya kewaye Mahdiyya a 945. Malikawa da yawa sun bi shi ba don suna son aƙidarsa ba, sai don sun fi ƙin ta Faɗimiyyawa. Ganuwa ta hana shi shiga, a 947 aka kama shi ya mutu. Abin da ya ja hankalinmu game da shi, malaman tarihi sun ce a kudancin Sahara aka haife shi, wajen Gao ko Tadmakka, ubansa falke ne Babarbare, uwarsa kuwa baiwa ce baƙar fata. Ashe tun fiye da shekara dubu ɗan kudu ya taɓa tsayawa a bakin wannan shigifa aka hana shi wucewa. Kuma cikin wannan hargitsi ne Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya yi ƙuruciyarsa, shi da ya bar mana Risala wadda har gobe ake biya ta a zaurukanmu.

Faɗimiyyawa ba su daɗe a garin ba. Sun ci Masar a 969, suka gina Alƙahira da masallacin Azhar, suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma can. Daga nan Mahdiyya ta zama tamkar ƙashin da kowane kare ke so. Jiragen Jenowa da Fisa sun far mata a 1087, Normawan Sisili suka ci ta a 1148, Muwahhidawa suka ƙwato ta a 1160. Sifaniyawa suka kama ta a 1550, da suka ga riƙonta ya fi ƙarfin aljihunsu sai suka sa albarushi suka tarwatsa ganuwar a 1554, suka yi tafiyarsu.

Don haka babban masallacin da muka yi sallar Juma'a a ciki, galibinsa ba ginin Almahadi ba ne. Tsakanin 1961 da 1965 aka sake tayar da shi bisa tsarinsa na asali, abin da ya saura na ainihi shi ne babbar ƙofar arewa da abin da ke jikinta, wadda aka yi mata siffar ƙofofin nasara na Rumawa. Ba shi da hasumiya ko ɗaya, abubuwa biyun da ke kusurwoyinsa masu kama da hasumiya ma'ajiyar ruwan sama ne. Ɗaya daga cikinmu ya ce shi bai ga abin zumuɗi a ginin da bai girmi babansa ba. Aka yi ta musu a kan haka har wajen shan shayi. Mu dai sauran biyun ra'ayinmu shi ne, wanda ya ga yadda badalar Kano ke narkewa, ana ɗibar ƙasarta ana kafa shaguna a jikinta, ba shi da bakin raina mutanen da suka tsaya suka auna harsashin kakanninsu suka mayar da shi yadda yake, sannan suka ci gaba da salla a ciki.

Akwai mutum biyu da ya kamata kowane marubuci ya sani game da wannan gari. Na farko Ibn Rashiƙ, mawaƙin fada, mai littafin Al'umda a kan sana'ar waƙa da yadda ake gane kyakkyawa da mummuna, littafin da Ibn Khaldun da kansa ya yaba. Lokacin da Larabawan Banu Hilal suka lalata Ƙairawan a 1057, ya biyo sarkinsa gudun hijira zuwa Mahdiyya, daga baya ya shiga jirgi ya ƙetara Sisili, ya rasu a wani gari mai suna Mazara. Na biyu Imam Almaziri, wanda daga wannan Mazara ɗin ne danginsa suka samo suna. Shi a Mahdiyya ya zauna ya karantar, ya rasu a 1141, aka kai shi Munastir aka rufe. Ɗaliban Muhtasar sun san shi, domin yana cikin malamai huɗun da Shehu Halil ya keɓe wa alama ta musamman a littafinsa. Ka ga ikon Allah, garin da aka gina don a guje wa malaman Malikiyya shi ya zama mazaunin ɗaya daga cikin manyansu. Har yau kuma zumuncin garuruwan biyu bai yanke ba, don kuwa da yawa daga masuntan Tunisiya da ke zaune a Mazara 'yan asalin Mahdiyya ne. Wannan ya ƙetara can, wancan ya ƙetaro nan, haka abin yake tun fil azal.

A lungunan garin, tun kafin ka ga masaƙa za ka ji su, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, daga ƙananan shaguna masu shuɗiyar ƙofa. Masaƙarsu ta katako ce mai faɗi, ba irin tamu mai fitar da ƙyalle siriri da sai an ɗinke ba, amma zaman masaƙin da yadda ƙafafunsa ke taka-taka da yadda yake jefa ƙoshiya duk ɗaya ne. Wani dattijo ya ba mu kujera, ya sa aka kawo shayi da na'ana'a. Da ya ji daga Nijeriya muke sai ya nuna kansa, ya ce ai mu ne muke sayen shashiya, watau dara, ya ce ba don mutanenmu da na Nijar da Libiya ba da masu yin ta a Tunis sun daɗe da rufe shago. Muka tambaye shi ko 'ya'yansa sun gaji saƙa. Ya ce ɗaya yana Italiya, ɗaya yana neman hanyar zuwa. Bai ƙara komai a kai ba, ya koma kan aikinsa.

Amma wurin da ya fi riƙe mu, wanda muka riƙa komawa kullum da la'asar, shi ne ƙarshen harshen dutsen. Daga gindin wata ganuwar Turkawa ta ƙarshen ƙarni na 16 ƙasa ta gangara zuwa ruwa, kuma duk gangaren nan maƙabarta ce. Dubban kaburbura farare tas, an shafe su da farar ƙasa, duk sun fuskanci waje guda, tsakaninsu ciyayi da furanni rawaya da ja na ƙarshen bazararsu, suna gangarawa har inda raƙuman ruwa ke fantsamo musu gishiri. Mu da muka saba maƙabarta tana bayan gari, an kewaye ta, ba a shiga sai da gawa ko ziyara, yara ma ba sa nuna ta da yatsa, sai ga shi a nan hanya ta ratsa ta tsakiyarta. Tsofaffi na zaune a gefe suna hira, wata mata na zuba ruwa a wani ɗan gurbi da aka yi a kan kabari don tsuntsaye su sha, masu ƙugiya sun jeru a kan duwatsu. A tsakiyar kaburburan kuma ga tsohuwar tashar jiragen Faɗimiyyawa, wani babban tafki mai kusurwa huɗu da aka sassaƙa cikin dutse, inda a da ake jan sarƙa a toshe bakinsa. Yanzu ƙananan kwale-kwalen masunta ne a ciki, fentin shuɗi da ja, da samari masu alkafura suna faɗawa ruwa.

Ruwan kuwa, jama'a, sai wanda ya gani. A bakin gaɓa garai-garai yake kamar babu shi, kana ganin tsakuwa da ƙananan kifaye, in ka ɗaga ido kaɗan ya zama kore, can gaba ya zama shuɗi, can ƙurya kuma ya yi duhu kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata. Duhun nan da ake gani jefi-jefi wata ciyawa ce da ke tsiro a ƙarƙashin ruwa, a cikinta kifaye ke ƙyanƙyasa, kuma ita ke riƙe yashi kada igiyar ruwa ta cinye gaɓa. Busassun zarurrukanta ne ruwa ke murzawa ya dunƙule su kamar ƙwallon gashi ya watso kan rairayi. Mun tsinci uku mun sa a jaka. Muka ga tulin ƙananan tukwanen ƙasa ɗaure da igiya, muka zaci na sayarwa ne, ashe tarko ne na wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira ƙarniɗ, wadda ke son rami, sai ta shige tukunya ta ɗauka ta sami gida. A can ƙarshen dutsen akwai hasumiyar fitila mai yi wa jirage jagora, kuma sunan wurin Ras Ifriƙiya. Turawan zamanin da ma garin ɗungurungum suke kira Afirka. Muka tsaya a nan, Afirka duk tana bayanmu, gabanmu kuwa babu komai sai ruwa.

Sai dai ba komai ba ne a ido kawai. Tsibirin Lamfedusa na ƙasar Italiya yana can gabas, kuma ya fi kusa da wannan gaɓa a kan Sisili. A 2023 mutum fiye da 150,000 suka isa Italiya ta teku, mafi yawansu daga gaɓar Tunisiya suka tashi, musamman tsakanin Safakis da Mahdiyya, da yawa cikin wasu jiragen da ake haɗawa da falankin ƙarfe a yi musu walda cikin gaggawa, waɗanda igiyar ruwa ɗaya ke iya kifarwa. Jaridu sun sha kawo labarin masuntan yankin da ke jawo koma su tarar da gawa. A watan Fabrairu na shekarar ne kuma shugaban ƙasar, Ƙais Sa'id, ya yi jawabin da ya danganta shigowar baƙi daga kudancin Sahara da wata maƙarƙashiyar sauya fasalin al'ummar ƙasar, bayansa aka kori mutane da dama daga gidajen haya da wuraren aiki, dubbai suka koma kwana a gonakin zaitun.

Mu ma mun ɗanɗani ɓurɓushin abin. Ranar da za mu je Aljam, wajen kilomita 40 cikin tudu, don ganin katafaren dandalin nan da Rumawa suka gina a ƙarni na 3, direban motar haya ya ƙi buɗe mana ƙofa sai da ya ga fasfo da biza, alhali bai tambayi kowa ba sai mu. Da ya gani sai ya shiga ba da haƙuri, ya ce in aka kama shi da marar takarda motarsa ce za ta tafi. A hanya har ya saya mana ruwa. Ba mu riƙe shi a zuci ba, amma tun daga ranar kowannenmu ya riƙa taɓa aljihun gaba kafin ya fita, kamar mai laya.

Ana gobe za mu tashi muka yi sammako zuwa sabuwar tashar masunta. Mahdiyya garin sadin ne, kifin nan da mu ba mu san shi ba sai a gwangwani, babu kai babu wutsiya. Da dare ake kama shi: jirage kan fita da manyan fitilu, haske ya tara kifin, a zagaye shi da koma. In ka tsaya a maƙabarta bayan lisha za ka hango fitilun sun yi jere a kan ruwa kamar wani gari. Da asuba suke dawowa, a yi ta sauke akwatuna ana zuba ƙanƙara, kifin na ƙyalli kamar sababbin sulalla, kyanwoyi da tsuntsayen teku kowa na jiran rabonsa.

A bayan kasuwar kifin muna tsaye muna gardamar farashi a tsakaninmu, sai muka ji an ce, “Salamu alaikum, Baba. Hausa nake ji?”

Wani saurayi ne, bai fi shekara ashirin da biyu ba, ya ɗauko akwatunan kifi uku a kafaɗa, hannuwansa duk sun tsattsage saboda ƙanƙara. Ya sauke kayan ya durƙusa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Hausarsa irin ta Garwa ce ta ƙasar Kamaru. Ya ce wata goma sha ɗaya ke nan da barinsa gida, ta Agadas ya biyo, ya shiga Aljeriya, ya yi aikin gini a Tamanrasat, sannan ya ƙetaro iyaka da ƙafa cikin dare. Ya taɓa shiga jirgi sau ɗaya, masu gadin teku suka dawo da su.

Babbanmu ya ce, “To ɗana, ba ka koma gida haka nan ba? Ai ka ga abin da ruwan nan ke yi.”

Ya ce, “Na gani, Baba, har na ɗauki wasu da hannuna. Amma gonar tsohuwata aka jinginar aka ba ni kuɗin hanya. In koma in ce mata me?”

Babu wanda ya amsa masa a cikinmu. Muka ba shi sauran ƙilishin da muka zo da shi da ɗan ƙullin yaji, da abin da ya sawwaƙa. Kuɗin ya karɓa da godiya, yajin kuwa sai da ya kwance ya shinshina, ya yi dariya. Ya tambaye mu ko an yi ruwan shuka kafin mu taso, muka ce an fara a kudancin Zariya, bai kai Kano ba tukuna. Ya ce to su can Garwa war haka an yi. Wani ya daka masa kira da Larabci daga cikin kasuwa, ya sungumi akwatunansa, ya ce mu sa shi a addu'a.

Da muka koma Tunis, kafin jirginmu ya tashi, muka shiga gidan tarihi na Bardo, domin an ce mana akwai ɗakunan da aka keɓe wa Mahdiyya. A 1907 ne wasu Girkawa masu nutso neman soson teku suka ci karo da wani jirgi a ƙarƙashin ruwa, wajen kilomita 5 daga garin, a zurfin kusan mita 40. Tun ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa ya nutse, ɗauke da kayan ƙawa daga ƙasar Girka waɗanda ake jin attajiran Rum za a kai wa, iska ta kauce da shi hanya. An shekara da shekaru ana tsamo kayan. Mun ga gumakan tagulla, da wasu wadanni masu rawa, da manyan tukwanen marmara masu zane, da ƙarafunan gadaje, kowanne an wanke shi, an ba shi lamba, an rubuta tarihinsa a ƙasa da Larabci da Faransanci. Wasu gumakan marmaran rabin fuskarsu sumul, wancan rabin da bai nutse cikin yashi ba kuwa halittun ruwa sun rarake shi kamar gara ta ci. Galibin ginshiƙan da jirgin ya ɗauko sun yi nauyin da ba a iya fito da su ba, suna nan kwance a inda suka faɗi, gabas da maƙabartar.